Littafin Da Ke Ƙarƙashin Matashin Kai

Daga wata 'yar'uwarku a Wudil

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu wanda kusan kowane gida akwai shi amma ba a son faɗarsa a fili, watau ɗan littafin nan da ake turawa ƙarƙashin matashin kai in an ji takun maigida ko gyaran muryar Baba. Da can a nan Wudil, ranar Juma'a in maza sun tafi kara cinikin shanu, mu namu cinikin shi ne mu aiki yaro wurin mai hayar littattafai ya mai da na ɗaya ya karɓo na biyu. Yanzu yawancin karatun ya koma cikin waya, amma ɓoyon yana nan yadda yake. Yarinya tana karatu uwa tana harararta, uwa tana karatu miji yana tsaki. Ra'ayina shi ne wannan ɓoyo ya fi karatun ɓarna, domin abin da aka karanta a ɓoye ba mai tace shi, yarinya takan haɗiye shi ne da tsakuwarsa duka. Abin da zan faɗa a nan ra'ayin mai karatu ne kurum, wadda ta ga ba haka ba, fili a buɗe yake.

Bari mu fara da na soyayya, tun da su ake yi wa faɗa. A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, bayan wata gasa da kamfanin ya shirya, kuma shi ake ƙirgawa a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani, da masoyinta Yasir wanda ba ɗan dangi ba ne. Akwai aljana a ciki da sauran abubuwan mamaki, amma ni ba su ne suka zauna mini a rai ba. Abin da ya zauna shi ne yarinya ta buɗe baki a gaban manya ta ce ga wanda take so. 'Yan mata na yau ba za su ga wani abin a zo a gani a nan ba, to amma ku tambayi iyayenku abin da wannan yake nufi a wancan zamani, lokacin da budurwa takan ji labarin ɗaurin aurenta a bakin ƙawaye a bakin rijiya.

Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ƙofa ta buɗe. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, marubuta maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana sari a kasuwannin Kano ana kai wa garuruwa irin namu. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zagaya ƙasar Hausa kaf. Sumayya 'yar masu kuɗi tana son Muhammad talaka, aka ce sai ta auri Abdulƙadir mai dukiya, ta faɗa rijiya. Na yi kuka kamar kowa, amma har gobe ban yarda da rijiyar nan ba, kuma ina so 'yan makaranta su ji ni da kyau: ran mutum ba nasa ba ne balle ya yi ciniki da shi a kan saurayi. Duk da haka littafin ya yi wani aiki wanda wa'azi da yawa bai yi ba, ya sa iyayen da ke sayar da 'ya'yansu ga mai tsoka sun ga fuskarsu a madubi.

Wadda ta fi taɓa ni a cikinsu duka ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. An cire ta daga firamare an yi mata aure tana wajen shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma ajin yaƙi da jahilci ta kama karatu da girmanta. Wannan mata ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. A cikin Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya ce shi ba ya auren jahila, aka ɗaura mata tsoho Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilmi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk 'yar makarantar da ke jin karatu ya gundure ta, ta nemi wannan littafi ta karanta kafin ta ce ta gaji.

Shi kuwa Alhaki Kuykuyo Ne na matan aure ne. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali amma cefane sai ta cika daga sana'arta. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe karatun yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Da wuta ta cinye kantin Alhaji Abdu, ya tsiyace, amarya ta kama gabanta, sai maza na dangi suka taru suka ce Rabi ta koma. Wallahi ranar da na kai wannan wuri ajiye littafin na yi na tashi na kama shara don haushi. Mace ta fita da hawaye, ta tsayu da ƙafarta, sa'an nan a ce ta koma ta ci da wanda ya wulaƙanta ta? Na sha gardama da 'yan'uwa a kan wannan ƙarshe. Wasu sun ce ai haƙuri ke nan, uwar 'ya'ya tara ina za ta? Wasu sun ce marubuciyar ta ci amanar Rabi. Ni kuwa da na huce sai na ga ba ta ci amanar kowa ba, ta faɗi abin da ake yi ne a unguwanninmu, kuma ba ta shafa masa zuma ba. Haushin da mai karatu ta ji, na tabbata da gangan aka sa mata shi. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga. Ku duba fa, matan wata nahiya suna karanta labarin Rabi a sarari, mu da aka rubuta dominmu muna ɓoye shi a ƙarƙashin katifa.

Amma fa kada a ce na wanke littattafan soyayya tas. Da yawansu ba komai a ciki sai ƙasaita. Saurayi kullum matashi ne mai kuɗin da ba a san sana'arsa ba, motoci jere, lefe akwati goma sha biyu, hutun amarci a Dubai. Budurwa kuwa dole fara ce sol, gashi har gadon baya, a ce kamar Balarabiya ko Ba'indiya. To, yarinyar da ubanta masunci ne a bakin kogin Wudil, ko dillali a kara, baƙa kyakkyawa mai hankali, a wane shafi za ta ga kanta? Ba ta gani. Sai ta tashi tana ganin gidansu abin kunya ne, launin fatarta kuma abin gyara ne, daga nan sai man bilicin. In Allah ya kawo mata malamin makaranta mai mutunci sai ta ga bai kai na littafi ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, ya kuwa yawaita tun da rubutu ya koma cikin waya ba mai dubawa. Shi ne labarin da miji zai mari yarinya, ya kulle ta, ya ci mutuncinta shafi ɗari, sa'an nan a ƙarshe a ce wai duk so ne ya sa, ita kuma ta narke. Jama'a, wannan guba ce. Wadda ta saba karanta haka tun tana aji uku na sakandare, ranar da aka ɗaga mata hannu a ɗakinta sai ta ɗauka farkon labari ne mai daɗin ƙarshe. Na batsa kuwa ba sai na ɓata tawada a kansu ba, kowa ta san su, kuma mai rubuta su ta san ba za ta yarda 'yarta ta karanta ba.

To mene ne magani? A shekarar 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Na san da yawa cikin iyaye sun yi murna, kuma na san damuwarsu ta gaskiya ce. Amma ni ban ga abin da wutar ta gyara ba. Wuta ba ta karatu, ba ta san bambancin littafin da ke kiran yarinya makaranta da wanda ke lalata ta ba. Bayan 'yan shekaru labaran suka shige cikin waya inda ba ashanar da za ta kai. Sa'an nan akwai abin da masu ƙonawa ba su lissafa ba. Tun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, mata da yawa suka koyi karatu a azuzuwanta. In mace ta gama aji ta koma ɗaki, me za ta karanta don kada haruffan su gudu? Mata nawa ne a cikin kulle waɗanda ba don waɗannan 'yan littattafai ba da yanzu ko takardar asibiti ba su iya dubawa? Ƙona littafi yakan tuna mini da Buchi Emecheta, marubuciyar nan ta kudancin ƙasarmu, wadda mijinta ya ƙone rubutun littafinta na farko a Landan. Ta fita da 'ya'ya biyar, ta sake rubuta shi daga ka, ya fito a 1976.

Maganin da na gani shi ne uwa ta karanta abin da 'yarta ke karantawa. In ba ta iya ba, ta ce yarinyar ta karanta mata da ƙarfi suna tsintar shinkafa. Wurin da muryar yarinya ta sarƙe ta kasa faɗa a gaban uwarta, to ita da kanta ta gane wannan littafi ba na kirki ba ne, ba sai an doke ta ba. Wurin da kuma aka zo kan mugun miji ko makirar kishiya, ga ƙofar magana ta buɗe, irin maganar da kunya ba ta bari uwa ta fara da 'yar fari.

Littattafan aljanu da yaƙe-yaƙe ba zan daɗe a kansu ba, domin ba su da abokan gaba da yawa. Wa zai yi faɗa da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito tun 1934, ko Ganɗoki na Bello Kagara, ko akun nan na Magana Jari Ce da ya tsare ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare? Ni har yau in raina ya ɓaci nakan buɗe rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe in yi dariya. Masu cewa ƙarya ce zalla, ɓata lokaci ne, ina ganin sun yi kuskuren wurin tsoro. Ko yaron firamare ya san aku ba ya waziri. Ƙaryar da ta zo da ƙahonta a fili ba ta cuta kamar wadda ta sa tufafin gaskiya, irin ta saurayi mai motoci goma. Ƙorafina ɗaya ne. A cikin irin waɗannan labarai, har na yaƙi da samari ke rububi daga baya, mace in ba gimbiya ce da ake zuwa ceto ba, to tsohuwa ce makira. Alhali tatsuniya tamu ce, a bakin kakanninmu mata aka san Gizo da Ƙoƙi. Muna da Daurama, muna da Amina ta Zazzau, muna da Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. Marubutanmu mata, ina kuka bar waɗannan kuka tare a falon Alhaji?

Yanzu kuma ga wani baƙo. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya a garin nan a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, baƙin abubuwa ba su ƙarewa a Wudil. Cikinsu har da littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga, waɗanda yara ke karantawa cikin fassarar Turanci a waya. Labari ne cikin hotunan zane, yawanci baƙi da fari, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Manyanmu za su tuna da mujallar hotuna ta Lance Spearman ta ƙarshen shekarun 1960, to kusan haka ne, sai dai wannan da alƙalami ake zanawa. Abu biyu suka ba ni dariya da na fara dubawa. Na ɗaya, daga dama ake buɗe shi a yi hagu, kamar littafin ajami, sabo da haka 'yar Islamiyya ba ta ruɗewa. Na biyu, babi babi ake sakinsa a mujalla, a tsaya daidai wurin da rai ya rataya, kamar dai yadda namu marubutan kan ce a nemi na biyu. Akwai ɗaya mai suna One Piece wanda aka fara tun 1997, ya haura littafi 100. Mu da muke ƙorafin littafi mai kashi huɗu, ashe da sauƙi.

Can ƙasarsu sun raba su, akwai na samari, akwai na 'yan mata, akwai kuma na manya zalla, kuma a nan ne iyaye za su buɗe ido. Ganin zane ne kada ya sa a ɗauka duk na yara ne, wasu hotunan ba su dace da idon kowa ba balle na yaro, kuma sutura da al'adar ciki ba tamu ba ce. Amma na sami ɗaya wanda ya shiga raina, na wata mata Kaoru Mori, da ta fara a 2008, ana kiransa A Bride's Story da Turanci, watau labarin amarya. Ya faru ne a tsakiyar Asiya a ƙarni na 19, an kai Amir mai shekara 20 gidan miji Karluk mai shekara 12. Wannan haɗi bai kwanta mini ba ko kaɗan. Abin da ya kama ni shi ne yadda mai zanen ta zauna ta zana aikin mata filla filla, gashin gurasa, saƙar darduma, da 'yan mata suna ɗinkin kayan ɗakinsu tun suna ƙanana, kowane gida da irin zanensa da aka gada daga kaka. Sai na ce a raina, ga 'yar Japan ta ga aikin hannun matan wata ƙasa ya isa a yi masa littafi, mu kuwa ɗinkin hularmu da saƙar faifai da jeren ɗakin amarya ba wanda ya ga sun kai. Akwai yara mata a makarantunmu da ke cika bayan littafin lissafi da zane ana dukansu. A saya musu takarda mana.

Na bar na ƙarshe don shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, watau littafin da mutum ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Maza sun ɗan taɓa, Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. 'Yan makaranta da yawa sun san littafin Malala ta Pakistan, wadda aka harba a 2012 sabo da zuwa makaranta, labarinta ya fito a 2013. Mu fa? Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin mata, ta rasu a 2001, amma tarihinta wani ne ya rubuta.

Wanda muke da shi, kuma ina roƙon kowace mace ta neme shi, shi ne labarin Baba ta Karo. Bahaushiya ce ta ƙasar Kano, an haife ta wajen 1877. A 1949 zuwa 1950, tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya Mary Smith ta yi ta ba ta labari ana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, ba ta gan shi ba. Na Hausa, da kalmominta, sai 1991 aka buga shi. Ta faɗi zamanin hari da kamun bayi, da zuwan Turawa, da bori, da ƙawance, da yadda ake biki da suna. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan dangi suka zama nata. Aurenta na fari na zumunci ne, da Duma, ta yi shi don biyayya ga mahaifinta alhali zuciyarta tana wurin Malam Maigari. Ta zauna 'yan shekaru, ta fita ba da tashin hankali ba, ta auri wanda take so. Ba ta faɗa rijiya ba, ba ta kuma zauna tana ruɓewa ba. Na karanta labaran soyayya ba iyaka, ban ga wanda ya kai wannan ba, ga shi kuwa ba ƙage ba ne. Ya kuma nuna mini cewa masu faɗin wai littattafai ne suka koya wa 'yan matan Hausa so, ba su san kakanninsu ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne sai da baƙuwa ta ƙetaro teku kafin a rubuta maganar tsohuwa ɗaya. Tsofaffi nawa muka binne a Wudil da labarinsu a ciki? Yau ba mu da uzuri. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta rubutun mata, ya tabbata alƙalami ba ya ƙin hannunmu. Ke 'yar makaranta, in hutu ya zo ki sami littafin rubutu sabo ki zauna kusa da kakarki bayan sallar isha'i. Ki tambaye ta nawa aka biya sadakinta, da fam ne ko da naira, tun da a 1973 aka canja kuɗi. Ki tambaye ta me suka ci a farin da aka yi a wannan shekara, da yadda kogi yake cika a da, da wace ce babbar ƙawarta, da wanda ta so kafin a ba da ita. Wannan ta ƙarshe za ta zage ki, ta ce ba ki da kunya, ja'ira. Ki yi dariya ki jira, jika ce ke, za ta faɗa. Ki rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara mata Hausa.

Wadda ta yi, ta aiko wa wannan fili shafi ɗaya ko biyu mu karanta tare, ba sai ta sa sunan tsohuwar ba.